Na Zaɓi In Yi Wa Kwamfuta Turanci

Ko tsufa na yi har haƙora suka zube, ba na jin zan manta da lokacin da aka ajiye mini jarrabawar Turanci biyu aka ce sai na ci ɗaya kafin in bi mijina. Amma tun kafin maganar jarrabawa ta taso akwai abin da yake cina a rai. Maigidana ma'aikacin jinya ne a Ingila, ya daɗe a can kafin ya zo ya aure ni ya koma. A bayansa na haihu. Yaron ya yi wayo, ya fara magana, amma uban nasa a waya kawai ya san shi. In aka ce ina Baba, sai ya nuna jakata. Mutane su yi ta dariya, ni kuwa ina tunanin haka zai girma.

A Birnin Kudu nake zaune, gidan yayan mijina, wanda muke ce wa Yaya. Malamin makaranta ne, mutumin kirki, kuma shi aka bar wa riƙona. Da maigidan ya fara nema mana takardun tafiya, sai aka ce dole in kawo shaidar ina jin Turanci ko da kaɗan ne. Ni da na tsaya a aji biyu na sakandare a Gwaram.

Yaya ya bincika ya ce iri biyu ne suka dace da ni. A ɗaya, za ki zauna gaban mai jarrabawa, ke da wani ɗalibin, ya yi ta tambayarku kuna amsawa. A ɗayar kuwa babu mutum. Kwamfuta ce, a sa miki abin ji a kunne, ta yi magana ki maimaita, ta nuna hoto ki faɗi abin da kika gani. Yaya bai ma tsaya dogon tunani ba. Ya ce wadda ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba ina ita ina jarrabawar kwamfuta, mutum ai yana da tausayi, in ya ga kin rikice zai sassauta murya. Ya kuma faɗa mini gaskiya, in na faɗi to a ajiye maganar tafiya, in koma makaranta tukuna, maigidan ya riƙa zuwa ganinmu in ya samu hutu. Da na ji haka na san shekaru ake nufi.

Ya samo wani abokin aikinsa mai koyar da Turanci, yana zuwa bayan la'asar muna zama a falo. A nan asirina ya tonu. In Malam ya ba ni abu in je in haddace, tas nake haddace shi. Amma da zarar ya zauna ya dube ni ya yi tambaya, sai harshena ya yi nauyi, idona ya koma kan tabarma. Ya ce in ɗago kai, Bature in ba ki kalle shi ba cewa zai yi ba ki gane ba. Na ɗago, na sake sunkuyarwa. Ranar da ta fi muni ita ce da ya tambaye ni sunan mijina da sunan ɗana. Na san amsar sarai. Amma gidanmu jinin Fulani ne, tun da nake ban taɓa jin Inna ta kama sunan yayanmu na fari ba, balle na Baba. Na yi shiru har Malam ya ajiye littafin.

"Maman yaro, Baturen nan fa bai san ɗan fari ba," ya ce yana dariya. "In kika yi masa alkunya, sifili zai ba ki, kuma ba zai ji komai ba."

Na yi murmushi, amma da na shiga ɗaki kuka na yi. Ta taga na ji yana gaya wa Yaya wai kaina yana ja, bakin ne ya ƙi buɗewa.

A makon nan na je Gwaram gaida Inna. Dama maigidan ya sa ni kullum in tura masa saƙon murya da Turanci, ko jimla ɗaya ce. Ina zaune a tsakar gida ina ɓarar gyaɗa, na danna waya na fara ba shi labarin motar da muka shigo, da akuyar da aka ɗaure a but tana ta kuka, da yadda yaro ya ƙi cin tuwo. Turancin duk a karye, amma ina ta yi. Inna tana gefe tana tankaɗe, sai ta ce, "Wai ke ce aka ce bakinki ya ƙi buɗewa? Tun ɗazu kike zuba kamar kanya."

Na tsaya da gyaɗar a hannu. Na koma na saurari saƙonnin da na tura a baya ɗaya bayan ɗaya. Babu inda na yi in'ina. Sai na gane ashe ba Turancin ne yake ɗaure ni ba, idon mutum ne. Waya ba ta kallona, ba ta jira in ɗago kai. To ita kwamfutar, ba yayar waya ba ce?

Faɗa wa Yaya shi ne aikin. Mutumin da ya riƙe ki, ya yanke shawara, ya kawo malami, ta ina za ki ce masa a'a? Na jira ya gama cin abinci, na durƙusa daga bakin ƙofa, na miƙa masa wayar na ce don Allah ya saurara. Ya ji na farko, ya ji na biyu, ya dube ni ya ce wannan ni ce? Na ce ni ce.

"Yaya, ka yi haƙuri, ta kwamfutar nake so. Kwamfuta zan iya koyonta. Kallon idon namiji kuwa ko shekara za a ba ni ba zan koya ba."

Ya miƙo mini wayar. Ya ce in sani kwamfuta ba ta da uzuri, in na yi shiru wucewa za ta yi, ba ta dawowa. Na ce na ji. Ya ce to in na faɗi, maganarsa ta farko tana nan. Na ce na yarda.

Daga nan na fara zuwa wani shagon kwamfuta kusa da tasha, wurin wata mata mai buga wa mutane takardu. In goya yaro in hau acaɓa, rana ko ruwa. Farkon zuwana kibiyar nan ta kan allo ta yi ta gudu kamar ƙadangare, matar tana cewa in sassauta hannu, ba kaza nake yankawa ba. Abin kunnen ma sai da muka yi dabarar sa shi a kan hijabi. Malam bai yi fushi ba, ya koma yi mini saƙon murya ina maimaitawa. Haka na yi ta fama har kibiyar ta fara jin maganata.

A Abuja aka yi jarrabawar, Yaya da matarsa suka raka ni suka riƙe yaro a waje. Ɗakin cike da mutane, kowa yana magana da tasa kwamfutar, ba mai kallon wani. Jimlar farko ta wuce ni, ban kama ko kalma ɗaya ba. Na ce a raina wannan ta tafi, ta gaba tawa ce. Na gyara zama na buɗe baki, ban sake rufe shi ba sai da allon ya nuna an gama.

Bayan 'yan kwanaki maigidan ya kira ya ce na ci. Yaya ne ya fara yi mini barka, ya ce da ya dage a kan tasa da ya cuce ni bai sani ba. Kafin damina ta zagayo mun tafi, ni da yarona.

Abin da na koya shi ne, jarrabawar da ta fi sauƙi a wurin wani ba lallai ita ce mai sauƙi a wurinka ba, kowa ya san inda rufinsa yake yoyo. Roƙona gare ku, in akwai wata taku da za ta zauna irin wannan jarrabawa, kada ku zaɓa mata don kun fi ta karatu. Ku fara sauraren ta, ku ga a inda bakinta yake buɗewa, sannan ku bar ta ta zaɓa.