Takardun Baba a Wajen Mai Ƙosai

Mahaifina ya yi karatun lantarki a Belgrade tun ƙasar ana ce mata Yugoslabiya, kuma bai taɓa bari mun manta ba. Ko tuwo ake ci a gidanmu na unguwar Magajiya, sai ya sako zancen wani masanin lantarki na Sabiyawa, mutanen can inda ya yi karatu: hotonsa na kan kuɗinsu, sunansa na kan filin jirginsu, hatta tokar gawarsa sun adana a gidan tarihi, 'yan makaranta na zuwa kallo layi-layi. Mu kuwa mu ce, "To Baba, kai ina naka hoton?" Sai a kwashe da dariya. Ni nake fara ta.

Dukiyarsa duka akwatin ƙarfe ne cike da takardu, zanen wani ƙaramin inji da zai ba ƙauye wuta daga ruwan rafi. Shekara da shekaru yana gyara shi. Ya yi ta yawo da shi ofisoshin Abuja har masinjoji suka daina miƙe masa, amma bai daddara ba. Ni dai abin ya daɗe da isa ta.

Da ya kwanta asibiti mako biyu, yayana ya ce a ba wani ma'aikacin Abuja hayar ɗakin da akwatin yake, ni kuma in kwashe kayan. Na yi yadda aka koya mini tun ina ƙarama: duk takardar da ke da rubutun Larabci na ware ta gefe, don ba a wulaƙanta ta. Har tsoffin kalandu suka tsira. Sauran, masu baƙaƙen Sabiyawa da ba mai iya karantawa sai shi, na ɗaure su na kai wa mai ƙosan bakin layi. Ta yi ta sa mini albarka.

Kwana uku da sallamo shi ya ce yana marmarin ƙosai. Ni na je wajen mai ƙosan na sayo. Na ga abin da ta naɗe shi da shi sarai, na kuma kawo masa a haka, don so nake a yi ta ta ƙare.

Ya buɗe, ya tsaya. Man ƙosai ya riga ya cinye rabin zanen.

"Sauran fa?" ya tambaye ni.

"Haba Baba," na ce, "shekara nawa kana neman mai dubawa? Yanzu kowa a layin nan yana riƙe da su."

Yayana ya yi dariya har da tari. Baba bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya juye ƙosan a faranti, ya goge takardar da bakin rigarsa a hankali, ya ninke ta ya sa a aljihu.

Har ya rasu bai sake ambaton masanin Sabiyawan nan ba, kuma a lokacin, wallahi, mun ji daɗin shirun. Kalandun da na ware suna nan har yau a cikin akwatinsa, ko ƙura ba ta taɓa su ba.