Kwana Ukun da Aka Ba Baba

Ranar farko ta hutun zafi, shekarar da na gama aji uku, wata farar mota ta tsaya a bakin siton da Baba yake gadi a unguwar Khumra. Aka dire kwali a kan kwalta, motar ta juya. Da muka buɗe, kyanwa ce mai dogon gashi tana haki. Baba ya ce masu ita tafiya hutu za su yi, haka ake yi duk shekara.

A wani fili bayan siton yake tara irin waɗannan dabbobin da aka yasar. Ya kafa rumfa da katakon da aka zubar da tsofaffin buhuna, kyanwoyi a gefe guda, karnuka huɗu can ƙarshen katanga. Aikina shi ne zagaya gidajen abincin lebura da bokiti in karɓo ragowar shinkafa, in kuma canja ruwa sau uku kafin la'asar, don yana ɗaukar zafi kamar shayi. Matan Kurayyat, unguwarmu, suka hana 'ya'yansu wasa da ni, wai warin kare nake. Baba dai abu ɗaya yake faɗa: "Su ma ƙishirwa suke ji."

Da kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa yake zaune a ƙasar, ya sami mai hayar filin, sai ya ba Baba kwana uku ya kwashe dabbobin. Baba ya roƙi ƙarin mako, mutumin ya tuna masa cewa iƙamarsa, takardar izinin zamansa, ta kusa ƙarewa. Muka bi gida-gida muna neman masu karɓarsu. Masu dogon gashi duk an karɓe su. Masu ƙazuwa da mai ido ɗaya da karnukan, ko leƙa su ba a yi ba.

Rana ta uku kafili ya miƙa wa Baba makullin motar sito. "Yalla, halas, magana ta ƙare. Kai ka tara su, kai za ka kwashe."

Muka kai su wani fili bayan gari, Baba ya cika musu roba biyu da ruwa a gindin wata ƙaya. Da muka juya, Gurgu, karen da ya ɗaure wa karaya da hannunsa, ya biyo motar da ƙafa uku. Na yi ta roƙon Baba ya tsaya. Ya ce in daina waiwaye, ya ƙara wuta. Har ya rasu bai sake ajiye wa dabba kwanon ruwa ba.

Yanzu a unguwar Aziziyya nake aiki, kusa da wani shago da ake yi wa kyanwoyi wanka da aski. Na kai shekarun Baba na lokacin, ina da 'ya'ya uku da ke jiran abin da zan kawo, na kuma san abin da ya hana shi taka birki. Sanin bai rage mini komai ba.