Kusum Tai da Takardun da Aka Yanke wa Suna

Ƙarfe tara saura kwata bas ɗin Kusum Waghmare ke tsayawa a bakin masaƙar haɗin gwiwarmu, a nan Solapur. Shekara talatin da ɗaya na yi ina gadin ƙofar nan. Ashirin da bakwai daga ciki ni nake buɗe mata. Takan sauko da jakar yadi a kafaɗa, a ciki gurasar dawa biyu da dakakkiyar gyaɗa mai barkono.

"Anna, ashe ka kwana da rai?" in ji ta.

"Sai na ga bayanki, Tai," in ji ni.

Ita tana ce mini Anna, wato yaya, don na girme ta. Mu kuwa duka Tai muke ce mata, yayar kowa, har manaja.

Akawun ɗaukar ma'aikata ce. Duk takardar neman aiki hannunta take fara shiga. Takan ɗora rula, ta yanke kan takardar, inda suna da hoto suke. Ta buga lamba iri ɗaya a sama da ƙasa. Kan takardar ta kulle shi a kabad na ƙarfe, makullin a ƙugunta. Gangar takardar kaɗai ke zuwa gaban masu zaɓe. Dalilin kowa ya san shi. A wurinmu sunan gidan mutum ya isa a san zuriyarsa, a san ko za a sha ruwa a kofinsa. Masu zaɓen baƙi ne daga Pune, lamba kawai suke gani. Da haka ɗan mai shara ya zama shugaban sashen rini, ina kallo.

Amma takardar tana da wani layi a ƙasa, irin wanda ke kan kowace takardar hukuma: alamar jiki. Tawadar Allah a kunci, tabo a goshi, yatsan da inji ya ci. Kusa da shi kuma, inda kake aiki yanzu da shekarun da ka yi. Baƙon Pune ba ya gane kowa da wannan. Ɗan gari yana ganewa. Manaja uku Kusum Tai ta gaya wa a mayar da layin sama. Kowanne ya ce sai an gama da takardun da aka riga aka buga.

Shekara tara da suka wuce aka buɗe gurbi arba'in. Mutum ɗari shida da wani abu suka nema. Da yawansu masaƙan tawul ne daga rumfunan saƙa na attajiri Seth Nagnath, a ɓoye suka zo. Seth ba ya yafe wa ma'aikacin da ya leƙa wani wuri. Korarsa yake yi, ya kuma gaya wa sauran masu rumfuna kada su ɗauke shi. Seth ɗin nan kuma yana cikin kwamitin masaƙarmu.

Bayan an gama zaɓe, wani mutum ya same ni a ƙofa da rana tsaka. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi alamarsa ba. Yana da 'ya'ya, ba zan faɗi nawa ba. Ba a ɗauke shi ba, yana nan a rumfar Seth.

"Anna, gaskiya ne Seth zai karɓi takardunmu?"

"Wa ya gaya maka?"

"Shi da bakinsa. Ya ce kafin bikin Diwali zai san duk karen da ya ci abincinsa ya je yana kaɗa wutsiya a ƙofar wani. Anna, ni ko makaho ya karanta layin nan ya san ni ne."

Na kai shi tagar Kusum Tai. Ba ta ko ɗaga kai ba.

"Ban san ka ba, ban taɓa ganin ka ba," ta ce. "Koma bakin injinka kafin a ga ba ka nan. Kuma goge fuskarka, kamar wanda aka ce matarsa ta gudu."

Kwana biyu bayan haka aka kira ni ofishin manaja Phadke, aka ce in zo da guduma. Na tarar da Seth a kujera, da wani lauya mai baƙar jaka, da Kusum Tai a tsaye a jikin kabad ɗinta.

Manaja ya ce, "Tai, ba wanda ya tambaye ki sunaye. Gangar takardun kawai Seth yake so, don kwamiti ya yi nazari."

Lauya ya ce, "Doka bayanan mutum take karewa. Takardar da ba suna a kanta ba ta kowa ba ce. Ko ƙosai aka naɗe da ita ba laifi."

"To, Saheb," ta ce, kamar yadda muke kiran manya.

Ta ɗauki takarda sabuwa, ta yanke kanta da rula, ta cike gangar a gabansu. Sannan ta karanta da ƙarfi. Namiji. Shekara hamsin da takwas. Aji bakwai ya gama. Sana'a, tawul, shekara talatin. Alamar jiki, tabon ƙuna a wuyan hannun dama.

"Anna, kai da karatu sai a hankali. Wane ne wannan?"

"Seth ne," na ce.

Seth ya ja hannun rigarsa ya rufe tabon.

"Ka ga, lauya Saheb, ba suna," ta ce. "In liƙa ta a bango? Ai ba ta kowa ba ce."

Seth ya miƙe. "Ke, kin san da wa kike magana?"

"Yanzu ma aka faɗa, Seth."

Ta juya wurin lauya. "Ban yi makarantarku ba. Abin da na sani, in aka karanta takarda aka gane mai ita, to tasa ce, ko da na yanke mata kai sau goma. Ni masu neman aiki suka ba, don aiki ɗaya suka ba ni, aikin ya ƙare."

Manaja ya ce in fasa kabad. Na ce don tsaron ƙofa aka ɗauke ni.

Sai ta ce, "Saheb, ba sai an fasa ba. Rubuta cewa kai ka umarce ni in ba mai rumfa takardun ma'aikatansa. Ka sa hannu, lauya ya sa hannu, ga makulli."

Lauya ya tuna yana da zama a kotu. Manaja ya ce za a duba.

Ba su sa hannu ba, ba su kuma ƙyale ta ba. Ƙa'idar masaƙa ta ce takardun waɗanda ba a ɗauka ba a ƙone su bayan kwana casa'in. Saura kwana hamsin da biyu. Suka zuba ido ta yi fashi ko na yini ɗaya, don in akawu ba ya nan, makulli hannun manaja yake komawa. Abokan aikinta suka daina cin abinci a teburinta. Matar Seth ta aiko da kwandon alewa, ta mayar. Ta yi zazzaɓi, ta zo da bargo. A kwana na talatin 'yarta ta haihu a garin Latur, haihuwar fari, da wahala, har aka yi mata aiki. Manaja da kansa ya kawo mata takardar hutu yana murmushi.

"Je ki ga jikanki, Tai. Wace irin uwa ce ke?"

"Irin wadda ka gani," ta ce.

Ranar na gan ta tana kuka a bayan sito. Na juya baya na tsare hanya har ta gama. 'Yar ta yi shekara ba ta yi mata magana ba.

Ran cikar kwana casa'in, ƙarfe goma na safe, ni na tura amalanke zuwa murhun tukunyar rini. Ta zuba takardun dami-dami, kai da ganga, ta tsaya har suka zama toka. Ta sa hannu a rajista, na dangwala yatsa.

Sati bai zagayo ba aka mayar da ita sito, awon auduga. Kusan shekara tara ta yi a cikin ƙurar nan. Tarin da take yi yau can ta samo shi. Waɗanda ta koya wa buga lamba sun zama shugabanninta. Seth kuwa bai kori kowa ba a Diwalin nan, don bai san wa zai kora ba.

Kusum Tai, ke ce kika tsaya inda maza masu digiri suka zame. Ke ce aka ce miki babu mutum a cikin takardar, kika ce kina ganin sa. Ba ki san yawancinsu ba, ba danginki ba ne, wasu ma ba za su ci abincin gidanki ba. Uwar makulli, mai taurin kai a inda ya dace. Ban saba yabon mutum ba, kin sani.

Ranar Asabar ta yi ritaya. Aka yafa mata mayafi, aka ba ta kwakwa, kamar yadda ake yi wa kowa. Mu goma sha ɗaya ne a wurin. Waɗanda ya kamata su cika harabar ba su zo ba, kuma ba za su iya zuwa ba, don duk wanda ya rataya mata fure ya faɗa wa Seth abin da ta ɓoye. Mutumin nan nawa ya wuce ta titi a kan keke, da kwanon abincinsa, zai tafi rumfar da har yau yake ci daga gare ta. Ya rage gudu. Bai juyo ba. Ita ma ba ta kalle shi ba.

Shi ya sa na sa aka rubuta wannan. Na gode miki a madadinsu, tunda ni ma na ajiye aiki, ba wanda zai kore ni yanzu.

Ku kuma yaran da ke zaune gaban kwamfuta, yau ku ke riƙe da takardun mutane. Wata rana wani babba zai zo ya ce muku an goge suna, ku tura masa. Kafin ku tura, ku tambayi kanku wa zai karanta, kuma wa ya sani a ciki. In ya matsa, ku ce ya rubuta ya sa hannu. Za ku sha wuya, ba zan yi muku ƙarya ba. Ita ma ta sha, kuma har gobe ba wanda ya san ko su wane ne.