Kwalbar da Na Bari a Cikin Rumbu

A wancan lokacin ni mace ce mai tsoron bakin mutane fiye da komai. Ina zaune a ƙauyenmu na Hausawa kusa da Abu Na'ama a ƙasar Sudan, ina riƙon 'yar yayata, wadda uwarta ta rasu ta bar ta da ƙanjamau tun a nono. Shekarunta goma sha ɗaya. Likita ya ja mini kunne cewa ƙwayar maganin da ya ɗora ta a kai safe da yamma ce, kada a tsallake ko rana ɗaya. Ita kuwa yarinyar na ce mata maganin ƙarin jini ne.

A gida ba wuya, sai in ja ta ɗaki in ba ta. Amma duk shekara matan garinmu mukan tafi tsinkar auduga wajen Managil, wata uku cur a rakuba ɗaya, wato rumfar kara, ga tabarma ɗaya, ga akushi ɗaya. Ko allura ka ɓoye sai an gani. A cikinmu kuma akwai wadda ta taɓa aikin shara a asibiti, ta san kowace kwalbar magani. Na dubi yarinyar, ta yi ɓulɓul, kumatu sai sheƙi, na ce wata uku ba komai ba ne. Na tura kwalbar cikin rumbun dawa muka hau mota. Da muka fara tafiya ta tuna mini da maganinta, na ce mata jininta ya cika.

Muka dawo lafiya ƙalau, abin da ya ruɗe ni ke nan. Da shekara ta zagayo na sake, ta uku ma haka, likita kuma ina ce masa ba ta taɓa fashi ba. Daga nan tari ya kama ta, ta rame har awarwaronta yana zamewa. Likita ya ce ciwon ya daina jin maganin. A gabanta ya tsare ni da tambaya, a nan ta fara jin sunan abin da ke jikinta.

Ba ta yi kuka ba. Ta kira ni Inna kamar kullum, ta ce da na gaya mata, ai da ta ƙulle ƙwayoyin a bakin zanenta tana haɗiyewa a tsakiyar gona, babu mai gani. Kafin audugar shekarar ta buɗe muka binne ta.

Har yau ban yafe wa kaina ba. Masu riƙon irin waɗannan yara, ku gaya musu gaskiya, kada kuma ku raba su da maganinsu don kunyar kowa. Matan da na ji wa tsoro duk sun zo gaisuwa, kuma ko ɗaya ba ta tambaye ni abin da ya kashe ta ba.