Sallau Mabugi Ya Ga Ƙashin Kifi a Sahara

Sallau mabugi ne a Kura, ɗan mabugi. Shekara talatin yana bugun turkudi a kan gungume har ya yi ƙyalli, fatake su kwasa su yi arewa da shi, amma shi bai taɓa wuce Daura ba. Da rini ya ja baya, sai ya koma gona kamar kowa, shinkafa da damina, albasa da rani in an sako ruwan madatsar Tiga.

Akwai wani Buzu, Agali, mai zuwa sayen rawani duk shekara. Wajen shan shayi yakan ba Sallau labarin ƙasarsu, wani kwari mai faɗi kamar ƙwarya, wanda ruwan da ya shige shi ba ya fita. Can gefensa Bilma take, inda ayari ke kai gero ya ɗauko gishiri da dabino.

"Da can duk tafki ne," in ji Agali.

"Haba, Agali! Yashin?"

"Zo ka gani da idonka."

Da Sallau ya fara shirin tafiya, matarsa Saude ta ce, "Malam, da tsufanka?" Duk da haka ya bar wa ƙanensa Sagiru gona, ya bi Agali har Agadas, daga nan suka shiga motar Bilma.

Rana ta uku direba ya tsaya sallar azahar. Babu itace, babu tsuntsu, sai sama da yashi. Sallau ya dafa ƙasa zai yi taimama, sai ya ji wani abu ya soke shi. Ya tona. Ƙashin bayan kifi ne, ya kai kamu guda. Ya zauna riƙe da shi, kunnensa na jiyo kamar motsin ruwa da kiran masunta daga nesa, har Agali ya taɓa kafaɗarsa.

A Bilma ya ga maza sanye da turkudi, shuni ya rine musu goshi. Ya yi ta kallon rawunan yana neman bugunsa.

Ya dawo da kantun gishiri biyu. Da Saude ta tambaye shi abin da ya gani, ya ce, "Na ga inda ruwa ya kwana ya tashi."

Yanzu ya haura saba'in, yana nan da albasarsa. Wani lokaci in ya buɗe wa fangali ruwa, sai ya tsaya yana kallonsa har ya malala gonar maƙwabci.

"Baba Sallau, an koma Bilma ne?" in ji maƙwabcin.

Sai ya yi dariya, ya laluba fartanya.