Tayoyin Rani a Bakin Tur'a

Shekara bakwai na yi ina tuƙa motar wani attajiri a Saudiyya. Da na dawo ƙauyenmu, can yamma da garin Haj Abdalla, abu biyu na kawo wa jama'a: tsohuwar boksi, wato motar nan mai buɗaɗɗen baya, da kuma ilimin taya. Motar ta amfani mutane. Ilimin kuwa sun sha shi ne ko suna so ko ba sa so.

Ba a tashi daga wurin suna ko ɗaurin aure ban duƙa gindin motar wani baƙo ba. In shafa tayar, in karanta lambobin jikinta a fili, in girgiza kai kamar likitan da ya ga abin da ba ya faɗuwa. Daga nan sai karatu ya tashi. Taya tana da shekarar haihuwa, tana da iyakar zafin da take ɗauka, ba a ɗura mata iska da tsakar rana. Yawancin ɗalibaina jaki gare su, amma wannan bai taɓa rage mini ƙwazo ba.

Babban darasina shi ne na yanayi. Ƙasarmu baƙar laka ce. Da damina takan riƙe ƙafar mutum ta ƙwace masa takalmi, da rani kuma ta tsage har hannu ya shiga. Saboda haka na ajiye tayoyi kashi biyu. Akwai masu manyan haƙora na taɓo, waɗanda ke gurnani a kan kwalta, su sha mai, su cinye kansu in zafi ya yi. Akwai kuma masu ƙananan zane, sumul, na busasshiyar hanya. Ruwan sama na ɗaukewa sai in yi bikin canji a ƙofar gida, inda kowa zai gani. In wanke masu haƙoran, in rubuta wa kowace gurbinta da alli, in jera su a ɗaki kan katako. Matata ta ce ita dai ba a taɓa yi wa kayan ɗakinta wannan gata ba.

Babana bai taɓa mallakar ko keke ba. Tun yana saurayi aikinsa shi ne shayar da gonakin mutane, ya bi ruwa daga tur'a, babbar magudanar da ta raba ƙauyenmu da gonaki, har zuwa kan kunya. A shekarar da nake magana gwiwa ta riga ta zaunar da shi. Yana kan gadon igiyarsa a inuwa ranar da nake kwance masu haƙoran, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Direba, ka tambayi mai buɗe ruwa kahin ka hidda waɗanga?"

Na yi dariya irin ta wanda ya ga duniya. Na ce, "Baba, damina ta wuce, halas, shi ke nan. Listik, wato taya, da sama yake tafiya, ba da mai buɗe ruwa ba." Ya gyara kwanciyarsa, ni kuma na ɗauka na ci gardama.

Sanyi ya shiga, alkama ta fito kore. Wata safiya muna shan shayi wayata ta yi ƙara. Ɗiyar Gwaggo ce daga garin Rufa'a. Gwaggo ita ce ƙanwar Baba, su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, shi ya goya ta bayan rasuwar uwarsu. Aure ya kai ta ƙetaren kogi, kuma rabon da su ga juna an yi shekara uku. Ɗiyar ta ce jikin ya yi tsanani, tun asuba ba ta kiran kowa sai Yaya. Ta ce in Kawu zai zo, yau ne.

Kafin in aje wayar Baba ya sa rigarsa. Na ɗauke shi cak na zaunar a gaban mota. Hanya biyu ce ke kai mu kwalta. Doguwar tana bin saman gaɓar tur'a, duk rami da gargada. Gajerar tana ratsa gonaki, ta bi gefen ƙaramar magudana.

Baba ya ce, "Jiya anka sakam ma alkama ruwa. Ko ka bi ta bisa, ko ka maida masu haƙoran nan."

Na ɗaga kai na dubi sama. Babu ko ɗigon gajimare, wata uku ba a ga ruwa ba. Mayar da tayoyin aikin rabin awa ne, doguwar hanyar ma ƙarin rabin awa ce. Na yi masa bayani a tsanake, yadda ake yi wa tsofaffi, cewa masu haƙora za su rage mana gudu in mun hau kwalta, kuma gaɓar tur'a za ta jijjiga masa gwiwa. Har tausayinsa na sa a cikin hujjar. Muka bi gajerar.

Wurin da ya kama mu bai yi kama da taɓo ba. Magudanar ta cika da ciyawa, ruwan ya tsallake da daddare ya jiƙa hanyar, iska ta busar da saman ta bar ɓawo. Duk wanda ya taɓa shayar da gona zai gane shi daga nesa, don tsagar ƙasar ta rufe. Ni na gane shi ne bayan motar ta zauna. Na taka mai, tayoyina na ilimi suka cika da laka, suka koma sumul kamar faranti suna juyawa wuri ɗaya. Na sake takawa, muka ƙara nutsewa.

Manoma suka bar aikinsu suka zo. Rabinsu ɗalibaina ne. Suka yi sallama cikin ladabi, suka gaida Baba, suka kewaye motar suna duba ta kamar yadda nake duba ta mutane. Wani ya duƙa, ya share gefen tayar da yatsa, ya tambaye ni ko lambobin sun faɗi wani abu a kan irin wannan. Na rage wa tayoyin iska, na cusa karan dawa, suka tura, laka ta wanke su har ido.

Akwai wani mai amalanken jaki da ya tsaya. Da ya ji inda za mu, ya ce a ɗora masa Baba ya kai shi bakin kwalta, ya sa shi motar birnin Madani, daga can ba a rasa ta Rufa'a. Ni na hana. Na ce minti biyar ne mu fita. Gaskiyar ita ce ban so a ce uban mai boksi ya bar ƙauye a bayan jaki. Baba ya dube ni, ya dubi mai amalanken, ya yi masa godiya. Har yau ban manta wannan godiyar ba.

Minti biyar ɗin ya kai mu hantsi. Ɗiyar Gwaggo ta kira, na ce muna hanya, kuma a hanyar muke. Sai da rana ta take sannan na yarda a nemo tarakta, aka tarar tana can wata gona mai nisa. Ana kiran azahar wayar ta sake ƙara. Na miƙa wa Baba. Ya saurara, ya yi salati a hankali, ya ce su yi ƙoƙari su jira shi. Ya ba ni wayar, ya nemi ruwa, ya yi alwala a ƙofar motar, ya yi sallarsa a zaune.

Tarakta ta fizgo mu ba ta ko canja numfashi ba. A kan kwalta kuwa, sai a yaba wa tayoyin nan, sun yi gudu lafiya lau babu gurnani. Mun shiga Rufa'a rana ta yi ja. Sun jira har bayan la'asar, sannan suka kai ta makwancinta.

Aka zaunar da Baba a kan tabarma cikin masu zaman makoki. Ni na raɓe a gefe, wandona ya bushe da laka har gwiwa. 'Ya'yan Gwaggo suka zo gaisuwa. Babbansu, idonsa jajir, ya durƙusa ya ce, "Kawu, tun da sahe munka kira. Ta sa an juya mata gado ta huskanci ƙofa. Ga ɗanka da mota, mi ya tsai da ku?"

Na buɗe baki, amma Baba ya riga ni. Ya ce, "Ni na tsai da shi. Tsuhwa ce, ban shirya da wuri ba. Yaron ya yi iya yinsa."

Babban ɗan ya sunkuyar da kai, ya tashi ya koma wurinsa. Ni da bakina bai taɓa rufuwa a taro ba, ranar na rufe shi. Na ji kunya, kuma na ji daɗin an rufa mini asiri, na biyun ne ya fi damuna yanzu. Baba ya ƙara shekara biyu a duniya. A cikinsu 'ya'yan Gwaggo sau ɗaya suka zo, suka gaishe shi sama-sama suka juya, kuma ina zaune a wurin ban gyara maganar ba.