Kawu Direba da Buhun Yashi

Duk wanda ya taɓa shiga bas ɗin Kawu ya san mutumin ba ya kallon wuri ɗaya. Yana duban titi, kafin ka ƙifta ya leƙa madubin dama, ya koma na hagu, ya ɗaga ido zuwa na tsakiya ya hango tsohuwar da ba ta gama zama ba. Kuma ba zai tayar da mota ba sai ta zauna. A tashar kamfani kowa Kawu yake ce masa, har manajan da ya girme shi. Tun da ya fara tuƙi bai taɓa goge fentin motar wani ba. Idan aka yaba masa sai ya ce ba wata dabara ba ce, shi dai bai yarda da kowa a kan titi ba, har da kansa.

A kan kujerar direba ya yi furfura, ita kuma ta saka masa da tumbi da ƙugu mai ƙara in ya miƙe. Da don ta shi ne, da bai damu ba. Amma bara waccan maiɗakinsa ta faɗi a kicin, ɓarin jikinta na hagu ya shanye, tun daga ranar shi ne ƙafafunta. Da safe kafin ya fita zai ɗauke ta daga gado zuwa banɗaki, daga can zuwa kujerar falo, da yamma ya mayar da ita. Ƙanwarta takan zo ta wuni da ita, sai dai ita ma da ƙyar take ɗaga bokitin ruwa.

Babbar 'yarsu tana aure a wani gari mai nisa, kuma ta riga ta gyara wa uwar ɗaki a can. Duk zuwan da za ta yi sai ta tayar da maganar.

"Baba, ranar da bayanka ya ƙi, ku biyun za ku zube ƙasa. Ka bar ni in tafi da Mama."

Uwar ba ta musu da ita. Sai yarinyar ta fita take cewa, da bakinta da ya ɗan karkace, ita dai a ɗakinta take son ta tsufa. Kawu ma bai san yadda ake kwana a gidan da ba ta ciki ba, kuma ba ya son ya koya.

Wannan ne ya kai shi gidan motsa jiki, shi da ko gudu bai yi ba tun yana saurayi. Wurin yana saman wani shagon katifu, ana hawa ta wani siririn bene. Ciki warin roba da gumi, fanka na juyawa, kiɗa na tashi, bango guda kuma madubi ne tun daga sama har ƙasa. Mai horar da mutane, wanda ake kira Koci, gajere ne da wuyansa ya haɗe da kafaɗa, ya manyanta, ba shi da yawan magana.

"Ni ba ƙwanji na zo nema ba," in ji Kawu. "Mutum nake ɗauka kullum, kuma ina so in ci gaba da ɗauka."

"Nauyinsa zai kai nawa?"

"Matata ce. In na faɗa ta ji labari, na kaɗe."

Koci ya yi dariya, ya jawo wani buhun yashi mai kauri daga lungu. Ya ce ƙarfe yana da mariƙi, mutum ba shi da shi, don haka da wannan za su fara. Ya nuna masa yadda zai buɗe ƙafa, ya durƙusa da gwiwa maimakon ya sunkuya da baya, ya rungume buhun a ƙirji, ya cika ciki da iska, sannan ya tashi a hankali.

Jikin Kawu ya karɓi karatu ba laifi. Idonsa ne ya ƙi. An kawo mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana karanta madubi, an tsayar da shi gaban madubin da ya fi gilashin bas girma, me ake tsammani? Kowa a wurin yana kallon madubin ne don ya ga kansa, shi kuwa kowa yake gani ban da kansa. Ya san wanda ya bar ƙarfe a kan hanya, ya san matar da igiyar takalminta ta kwance a kan injin gudu, ya san wanda ya shigo da wanda ya fita. Ga wayarsa a aljihu, rabin hankalinsa na kanta ko za a kira daga gida. Yana tsakiyar ɗaga buhu sai ka ji ya ce, "Kai mai jar riga, kula da bayanka!"

"Kawu, naka bayan fa?" in ji Koci.

"Yana nan."

"Shi yana nan. Kai ne ba ka nan."

Kawu ya ɗauki maganar wasa, har ranar da ta zama gaske. Ya taso da buhu ya kai rabi, sai ya hango a madubi wani yana ja da baya zai taka kwalbar ruwa. Ya waiga da sauri zai yi magana. Mutumin ya tsallake kwalbarsa lafiya lau, bai ma san an damu da shi ba. Kawu kuwa ya ji wani abu ya tsarga masa daga ƙugu har cinya, ya saki buhun, ya dafa bango.

Likita ya ce jijiya ce ta motsa, ba karaya, amma ya kwanta. Kwanakin nan su ne mafi ɗaci da ya gani. Yana kwance a gefe yana kallon maƙwabta biyu suna kinkimar matarsa, ɗaya ta riƙe hammata ɗaya ƙafa, ita kuma ta runtse ido don kunya. 'Yarsu ta zo, ta sauko da akwatin uwar daga saman kabad ta goge masa ƙura. Bai yi mata faɗa ba, don ya san tsoro ne ya sa ta. Roƙonta ya yi ta ƙara masa lokaci. Ta yarda da ƙyar, ta ce in aka sake, tafiya za ta yi da uwar ba tare da ta tambayi kowa ba, kuma ta bar akwatin a ƙasa.

Da ya warware ya koma, Koci bai yi masa wa'azi ba. Ya miƙa hannu ya ce a ba shi wayar.

"In an kira daga gida fa?"

"Ni zan ɗauka, in kawo maka da gudu. Na yi alkawari."

Sannan ya ja buhun zuwa ƙarshen ɗakin, inda ake jingine tsintsiya, ya juya Kawu ya fuskanci farin bango, madubin ya koma bayansa. Kawu ya ji kamar an ce ya tuƙa mota a rufe da ido. Wuyansa sai ƙaiƙayi yake ya waiga. Wani ya yar da ƙarfe a baya, kafaɗarsa ta zabura.

"Kawu," Koci ya ce a hankali, "a nan ba ka da fasinja ko ɗaya. Kowa da ƙafarsa ya hau benen nan, da ita zai sauka. Gaya mini, nauyinka a ina yake yanzu, dunduniya ko yatsu?"

Kawu ya dubi ƙafafunsa. Mutumin da ke jin ƙarar da injin ya sauya tun kafin makanike ya ji, bai san inda nauyinsa yake a kan ƙafarsa ba. Sai da ya saurara, sannan ya ce yatsu. Aka ce ya mayar dunduniya. Ya mayar, ya ja numfashi, ya tashi da buhun, ya ji cinyoyinsa sun karɓi aikin da bayansa ya daɗe yana yi musu.

Ba a rana ɗaya abin ya zauna ba. Hankali ya saba yawo, yakan tsere masa ya tafi gida, ya tafi tasha, ya tafi kan akwatin nan. Koci ya ce kada ya yi fushi da shi, in ya tafi ya kamo shi ya dawo da shi dunduniya, in ya sake tafiya ya sake kamowa. A hankali kiɗan ya daina damunsa. Masu zuwa wurin suka saba da dattijon da ke juya wa kowa baya yana rungumar buhu, har suna tsokanarsa wai yana fushi da su. A kan titi dai bai sauya ba, idonsa na nan yana zagaye kamar kullum, don can wurin aikinsa ke nan.

Wata safiya, bayan watanni, ya zo ɗaukarta kamar yadda ya saba. Da can yakan yi abin nan ne ido na kan agogo, kunne na kan butar da ke wuta. Ran nan ya tsaya gaban gadon, ya gyara ƙafa, ya durƙusa, ya zura hannu ƙarƙashin gwiwoyinta da bayanta. Bai ji butar ba. Ɗumin jikinta ya ji, da numfashinta a wuyansa, da yadda ta rame fiye da yadda ya sani, abin ya sosa masa rai. Ya tashi da ita tsaf, ba nishi, ba tangaɗi, ya taka zuwa falo yana kallon fuskarta.

"Lafiya kake kallona haka, Malam?"

"Lafiya lau."

Ya iso gaban kujera, ya fara lanƙwasa gwiwa zai sauke ta. Sai ta ɗora hannunta mai lafiya a kan ƙirjinsa, ta kwantar da kai a kafaɗarsa.

"Tsaya kaɗan," ta ce. "Kada ka ajiye ni tukuna."